Yadda Na Gudu Na Bar Shifu Lam A Ƙarƙashin Ƙarfe

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Kristi, Ubangijina da Mai Cetona. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Yawancinku kun san ni da Ishaku mai janareta. Ni ne nake ficewa da sifana a hannu duk lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar sujada. Kun kuma san na taɓa zama a China. Amma yadda na baro can, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai matata Rifkatu. Yau zan faɗa a gabanku. In muryata ta sarƙe, ku yi mini haƙuri.

Ni bakanike ne na manyan injuna, a Kano na koya. Akwai wani ɗan kasuwa da nake yi wa gyara, Alhaji Garba, wanda ya gano cewa idan tsohon jirgin ruwa ya gama aiki aka yanyanka shi, injunan da suke ba shi wuta sau da yawa suna nan da sauran ƙarfinsu. Sai ya riƙa sayensu a Guangzhou yana kawo wa masu injin casar shinkafa da masu ƙanƙara. Matsalarsa ɗaya: an sha sayar masa da gawa. Yana son mutum nasa da zai duba injin da idonsa, ya kwance shi gunduwa-gunduwa, ya sa wa kowane ƙarfe alama, a loda a kwantena, in ya iso gida a iya haɗa shi.

Ya zaɓe ni. Na tafi a ƙarshen shekarar 2007, na bar Rifkatu da yara biyu da ciki.

Wurin aikin wani fili ne na 'yan gwangwan a bakin kogi, can kudu da gari, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota daga Xiaobei, unguwar da mu baƙaƙen fata muke zaune. 'Yan'uwa, ban taɓa ganin ƙarfe irin na wurin nan ba! Fistin ɗaya ya kai girman bokiti. Wani kirankishaf ɗin ya fi wannan bencin tsawo sau biyu. Ƙasa baƙa ƙirin da mai, iska kuwa warin tsatsa da gas na yankan ƙarfe. In na koma ɗaki na fyace hanci, baƙi ne yake fitowa.

Mai wurin, lauban muke ce masa, wato maigida da yarensu. Shi ya haɗa ni da wani tsohon ma'aikacinsa, Shifu Lam. Shifu a wurinsu shi ne gwanin da yake koya wa mutum sana'a. Ɗan siriri ne, ya doshi shekara sittin, bai kai kafaɗata ba. Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensu. Da hannu muke magana.

Amma mutumin nan ya koya mini aiki. Notin da tsatsa ta cinye shekara talatin, ni zan zo da ƙarfi da guduma, shi kuwa sai ya girgiza kai, ya ɗan gasa shi da wuta, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya jira, sai ga shi yana juyawa kamar jiya aka ɗaura. Ya kasa faɗin Ishaku, sai ya riƙa ce mini Isa. Da rana in an tashi cin abinci, yakan duba kwanona, in ya ga shinkafa ce gaya sai ya tsamo kifi daga nasa ya ɗora mini. Ran da na nuna masa hoton jaririyar da Rifkatu ta haifa, ya goge hannunsa sau biyu a wando kafin ya karɓa.

Ina so ku riƙe wannan, don ku gane irin mutumin da na yi wa abin da na yi.

Da farko zama ba wuya. In biza ta kusa ƙarewa, sai mutum ya tsallaka Macau ya dawo da sabuwa. Amma da wasannin Olamfik suka matso, sai aka tsuke. Aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Na kira Alhaji Garba na gaya masa. Ya ce, "Haba Ishaku, saura inji biyu kacal. Ka lallaɓa ka ƙarasa, in ka gama mu san yadda za a yi."

Ba zan ɗora masa laifi ba. Ni ma ina so. Na zauna, biza ta mutu a hannuna.

Daga ranar na koma kamar ɓera. 'Yan sanda suna tsayawa a bakin gadar masu tafiya da ƙafa ta Xiaobei suna duba fasfo. Yau ka ji an kama wane, gobe ka ji wani ya diro daga bene ya karye. Akwai wata 'yar zumunta da muke yi ran Lahadi a wani ɗakin otal wajen Liuhua Lu, mu 'yan Afirka kamar ashirin. Na daina zuwa, don tsoron kada a yi mana dirar mikiya. Da na daina zuwa, addu'a ma sai ta ragu, ta ragu, har ta zama "Allah ka sa kada su gan ni" kawai.

To ga maganar sarƙa.

Akwai sarƙar da muke ɗaga manyan ƙarafa da ita, tana rataye a jikin wani ƙarfe mai ƙafa uku. A farkon watan Yuli, ina goge ta, sai na ga zobe ɗaya ya tsage. Tsagar siririya ce kamar gashi, amma ni bakanike ne, na san abin da take nufi. Na kira lauban na nuna masa da yatsa. Ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Meyo." Babu wata. Ya nuna mini da hannu cewa sai mako mai zuwa.

Shifu Lam ba ya nan ranar, ya raka matarsa asibiti. Da ya dawo washegari, ya kamata in ja shi in nuna masa. Na sani sarai da ya gani zai ajiye aiki, ba zai ɗaga ko cokali da ita ba sai an kawo sabuwa. Ni kuma abin da ba na so ke nan. Kwantena za ta zo ran Juma'a. Kowace rana da na ƙara a ƙasar nan, tsoro ne. Sai na ce wa kaina, ai ta daɗe tana ɗauka, za ta kai mu Juma'a.

Na yi shiru. Giris ya sake rufe tsagar.

Ran Laraba da hantsi, muna ɗaga tof silinda, wato murfin saman injin, na injin ƙarshe. Ƙarfe ne da maza shida ba za su iya motsa shi ba. Ni nake jan sarƙa, shi yana tsaye yana daidaita shi da hannu don kada ya bugi gefe. Ya ɗaga mini yatsa, wato in ƙara kaɗan. Na ƙara.

Ƙarar ba ta ma da girma. Ƙas! Shi ke nan.

Ƙarfen ya zo ƙasa, ya buge shi ya faɗi, ya danne masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Bai yi ihu ba. Bakinsa a buɗe amma babu sauti. Na ruga na durƙusa a kansa, na sa kafaɗa na tura ƙarfen, ko gezau. Jini yana fitowa yana haɗuwa da baƙin mai. Na ƙwala ihu, ma'aikata suka yo kanmu a guje.

Sai ya kama mini wuyan hannu. Nan. Ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Yana kallona yana cewa, "Isa. Isa."

Na ɗaga kai na ga lauban yana waya. Cikin 'yan kalmomin da na sani na tsinci guda biyu: asibiti, da 'yan sanda. Sai komai ya fita daga kaina, ya rage fasfo ɗin da yake aljihun jakata.

'Yan'uwa, ga abin da na zo in faɗa. Na sa hannuna na hagu na ɓamɓare yatsunsa daga jikina. Ɗaya bayan ɗaya. In na cire wannan, wancan ya koma, sai da na yi da ƙarfi. Yana kallona ina yi. Na miƙe, na ɗauki jakata, na bi ta bayan tarin gwangwan, na fita ta ɓarakar shinge da take gefen kogi.

Na gudu. Ni Ishaku, ɗan mai bishara, wanda aka yi wa baftisma tun yana shekara goma sha huɗu. Na gudu na bar shi a ƙarƙashin ƙarfe!

Mako bakwai na yi a ɓoye a wani ɗaki a lungunan bayan Xiaobei, inda gidaje suka matse har rana ba ta sauka ƙasa. Alhaji Garba ya kira yana faɗa, na kashe waya. In na kunna, Rifkatu kaɗai nake kira, in yi mata ƙarya. Ta ce, "Baban Hannatu, muryarka ba ta yi mini ba." In ce mura ce.

A nan na fara sha. Ban taɓa kai giya bakina ba kafin lokacin. Akwai wata farar barasa da suke sayarwa a ƙananan kwalabe a kowane kanti, arha kamar ruwa, tana ƙona maƙogwaro kamar fetur. Da farko kwalba ɗaya don in samu in runtsa. Kafin mako uku, da ita nake karya kumallo.

Ba ta yi mini maganin komai ba. Ina jin yatsun nan a wuyan hannuna ina cin abinci, ina jinsu ina wanka. Na goge wurin da soso har fata ta saɓule. Ban san ko ya mutu ko yana da rai ba, kuma ina tsoron in tambaya. Na rame har wandona sai da igiya. Akwai ranar da na tsaya a tagar bene na biyar ina kallon ƙasa, na daɗe ina kallo. Abin da ya janye ni, wata mata ce a gidan da yake fuskantarmu ta fito shanya ta zuba mini ido.

Wanda Allah ya aiko mini ba fasto ba ne. Musulmi ne, dattijo, mutumin Maraɗi, Baba Lawali. Yana da ɗan ofishin aika kaya a ɗaya daga cikin dogayen gidajen kasuwa na Xiaobei, ya daɗe a China har yana jin yarensu kamar su. Shi yake shirya wa Alhaji Garba kwantena, don haka ya san filin gwangwan ɗin, ya san lauban, ya san Shifu.

Wata rana da la'asar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya shigo, ya dubi kwalaben da suke ƙasa. Ya ture kaya ya zauna a bakin katifa. Shi Isiyaku yake ce mini.

"Isiyaku, mi ka maida kanka haka?"

Na ce, "Baba, ya mutu?"

"Shina da rai. Amma an yanke ƙahwar."

Na zame na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ban gama ba. Lauban ya ce wa hukuma laihin tsohon ne. Wai shi ad da alhakin duba sarƙa, bai duba ba. Don haka ba ya biyan magani, ba ya biyan diyya. Matar tsohon ta saida abin da za ta iya saidawa. Ɗiyarsu ta bar aikinta ta dawo jinya. Ma'aikata kowa ya kama bakinsa, suna tsoron abincinsu."

Sai na ji bakina yana cewa, "Ƙarya yake. Ya sani. Ni na nuna masa tsagar da hannuna."

Baba Lawali ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To shi tsohon, ka nuna mishi?"

Na sunkuyar da kai. Ya gane.

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ni ba ni tilasta maka. In ka buɗe baki gaban hukuma, abu na hwarko da za su tambaya hwasfo ne, ka san inda za ka kwana. Amma duk duniya kai kaɗai ka ga wanga abu. Kai da Allahn da kake bauta ma. Ka san inda ofis ɗina yake."

Ya fita. Na bi bayansa da zagi a zuciyata, na sauka na sayo kwalba uku.

Kwana tara na yi ina kokawa. In na tuna kurkuku sai in fasa. In na tuna yarana, in ce ai saboda su nake ɓoyewa. Na kawo wa kaina hujja iri-iri: ba ni na saya sarƙar ba, ba ni ne mai wurin ba, ko na tsaya ba zan iya ɗaga ƙarfen ba. Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya bai ba ni barci ba.

Ranar da Ubangiji ya kama ni, Asabar ce da rana tsaka. Ranar ce Nijeriya take buga wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa na Olamfik da Ajantina. Duk wani baƙar fata na unguwar ya tafi gidajen abinci kallo, har waɗanda suke ɓoye sun fito. Gidan ya yi tsit, sai ihu da nake ji daga nesa jefi-jefi.

Na ɗauki kwalba zan buɗe, murfin ya ƙi. Na gwada, na sake gwadawa. Ni da nake kwance injin jirgin ruwa, na kasa buɗe murfin kwalba. Sai na fashe da kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na kife a kan siminti.

Ban yi addu'a mai tsari ba. Cewa na yi, "Yesu, ni ne. Ni na yi. Na ga tsagar na yi shiru. Ya riƙe ni na ɓamɓare shi. Ban da abin da zan ce. Ina tsoro, Ubangiji, ina tsoro ƙwarai. In ka bar ni da kaina ba zan je ba. In kana so in je, sai dai ka ɗaga ni."

Na yi ta maimaitawa, ban san tsawon lokacin ba.

Ba zan ce muku na ji murya ba, ko na ga haske. Ba na so in ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru. Abin da na sani shi ne, karo na farko cikin mako bakwai na faɗi gaskiya da bakina, kuma Wanda na faɗa wa bai kore ni ba. Na ji a jikina cewa an ji ni, kuma ba a tashi an bar ni ba. Ni da na bar mutum a ƙasa, ba a bar ni a ƙasa ba. Halleluya!

Tsoron bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Yana nan a cikina kamar dutse. Amma ƙafafuna sun ɗauke ni. Na juye kwalaben a masai, na yi wanka, na sa rigar da na zo da ita daga gida, na sa fasfo a aljihun gaba. Ina sauka na tarar da mutane suna dawowa rai a ɓace, an ci Nijeriya ɗaya. Ni kuwa na ratsa su na wuce ta gaban 'yan sanda biyu a bakin gada, ba wanda ya ce mini kanzil.

Baba Lawali yana ganina ya rufe littafin da yake gabansa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka ci abinci?"

Ran Litinin ya kai ni asibitin. Ɗaki ne mai gado takwas. Shifu Lam yana na ƙarshe kusa da taga. Ya ƙara ƙanƙancewa. Bargo ya kwanta a fili inda ƙafarsa ya kamata ta kasance. Matarsa tana ɓare masa lemo, 'yarsu tana tsaye.

Na durƙusa a gefen gadon. Na ce wa Baba Lawali, "Ka fassara duka, kada ka gyara mini ko ɗaya."

Na faɗa. Tsagar, da lauban, da "meyo", da kwantenar Juma'a, da shirun da na yi. Baba Lawali yana juyawa da yarensu, har majinyatan sauran gadaje suka juyo.

Matar ce ta fara motsi. Ta ajiye lemon, ta zagayo, ta shara mini mari. Ta sake. Tana kuka tana magana da sauri, tana dukan kafaɗata da hannu biyu. Ban kare ba. 'Yar ce ta janye ta.

Shifu bai dube ni ba tun da na fara. Taga yake kallo. Can ya yi magana a hankali, gajeriya. Baba Lawali ya kau da kai, kamar ba ya son faɗa.

Na ce, "Baba, faɗa mini."

"Ya ce sarƙa, da kai da lauban kun yi ganganci, kuma shi ma a tsawon aikinsa ya taɓa yin ganganci. Wannan ya gane shi. Abin da bai gane ba, hannunsa da ka cire. Ya ce ba so yake ka ɗaga ƙarhen ba, ya san ba ka iyawa. Tsoro yake ji, yana son wani da ya sani ya tsaya kusa da shi."

Na kifa kaina a ƙarfen gadon. Na ce, "Ka ce masa ya gafarta mini."

Aka faɗa masa. Ya ja bargo ya juya mana baya.

'Yan'uwa, na so a ce in tsaya nan in gaya muku ya rungume ni mun yi kuka tare. Bai yi ba. Kuma yana da gaskiya.

'Yarsa ce ta biyo mu waje. Ta tambaya ko zan maimaita wannan magana a gaban hukumar da take duba haɗarin ma'aikata. Na ce zan yi. Kwana biyu bayan haka muka je. Na faɗa, aka rubuta, Baba Lawali ya karanta mini, na dangwala yatsa. Da wani ma'aikacin filin ya ji baƙon ya yi magana, shi ma ya zo ya ce ya ga lokacin da nake nuna wa lauban sarƙar.

Da aka gama, jami'in ya miƙo hannu ya ce fasfo. Na ciro na ba shi.

Na yi wajen wata biyu a tsare. Ɗaki ɗaya mu da yawa, kwanciya a kan katako, shinkafa da ruwan kabeji safe da yamma. Makon farko jikina ya nemi barasa kamar zai kashe ni: rawar jiki, amai, gumi. Wani ɗan Mali da ba mu jin yaren juna sosai shi ya riƙa jiƙa tsumma yana ɗora mini a goshi. Da makon ya wuce, sha'awar ta tafi. Daga ranar har yau, ko ƙanshinta ba na so. Yabo ga Ubangiji!

Kuma abin mamaki, a kan katakon nan na yi barcin da na kasa yi a kan katifa.

Baba Lawali da 'yan zumuntar da na guje wa su suka haɗa hannu aka samo mini tikiti. Aka raka ni har ƙofar jirgi, aka buga mini hatimin hana dawowa. Na sauka Kano da leda ɗaya a hannu. Alhaji Garba bai sake ba ni aiki ba. Na ga 'yata Alheri karo na farko tana rarrafe, ta gan ni ta tsala ihu ta ɓuya a zanen uwarta.

Na zaunar da Rifkatu na gaya mata komai. Ta yi kwana uku ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci". A na huɗu ta ce, "Da ka dawo da kuɗi da wannan abu a cikinka, da ba mijina ne ya dawo ba. Tashi mu yi addu'a."

Bayan kamar shekara ɗaya Baba Lawali ya biyo ta Kano zai wuce Maraɗi, ya neme ni a garejin da nake. Ya ce hukuma ta tilasta wa lauban ya biya magani da diyya. An sa wa Shifu ƙafar roba. Yana zama a ƙofar kantin 'yarsa yana gyara wa maƙwabta fanka da injin ban ruwa.

Na ce, "Ya ce wani abu a kaina?"

Ya ce, "Tambaya ɗaya ya yi. Ya ce, Isa ya isa gida lahiya? Na ce ya isa. Ya kaɗa kai ya ci gaba da aikinsa."

Iyakar abin da nake da shi ke nan. Ban sani ba ko ya yafe mini. Mai yiwuwa ba zan sani ba a duniyar nan. Har yanzu akwai ranakun da abin yake taso mini in kasa cin abinci. Mutum yana tafiya da ƙafa ɗaya saboda na yi shiru, kuma tubana bai mayar masa da ita ba. Ba na so kowa ya fita daga nan yana cewa Ishaku jarumi ne. Mako bakwai na makara.

Amma ina gode wa Allah. Ina gode masa da bai bar ni na faɗo daga tagar nan ba. Ina gode masa da ya raba ni da kwalba. Ina gode masa da ya aiko mini da dattijon da ya gaya mini gaskiya ba tare da ya wulaƙanta ni ba. Fiye da duka, ina gode wa Yesu da ya karɓi matsoraci irina, ya ba ni ƙafar zuwa inda nake gudu.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, in akwai abin da ka gani ka yi shiru, in akwai wanda ka bari a ƙasa ka wuce, na san nauyin da kake ɗauke da shi a kan bencin nan. Kada ka jira tsoro ya tafi tukuna, ba zai tafi ba. Ka faɗa wa Ubangiji da sunan abin, yadda yake, ka dogara gare shi, sa'an nan ka tashi ka je. Zai iya yiwuwa ka sha wuya. Ni na sha. Amma ba za ka sha kai kaɗai ba.

Roƙo ɗaya nake da shi kafin in zauna. Baba Fasto, in za a yi addu'a, kada a tsaya a kaina. Akwai wani tsoho a Guangzhou da bai san ana taro a nan ba, ba kuma wanda ya taɓa kai sunansa gaban Allah sai ni da matata. Ku taya mu. Sunansa Lam.

A cikin sunan Yesu. Amin.